Tallan Halal A Akwatin Tarkace: Me Ya Sa Imel Ɗin 'Yan Kasuwa Ba Ya Isa Ga Jama'a?

Daga Kwarbai zuwa Babban Dodo, daga Tudun Wada zuwa Samaru, WhatsApp ne sarkin talla a Zariya. Amma duk harkar da ta haɗa da takarda, ko rasit, ko abokin ciniki na nesa, imel take komawa. Makarantu masu zaman kansu suna sanar da iyaye buɗe rajistar sabon zango ta imel. Kamfanonin jigilar Umara suna aika farashin kujeru, cibiyoyin koyar da kwamfuta suna neman ɗalibai, har wasu masu ɗinkin babbar riga na cikin ganuwa suna tura hotunan aska takwas ga 'yan Arewa mazauna Abuja da Legas da Ingila. Koken da ke bakinsu ɗaya ne: an aika saƙo, na'ura ta nuna ya tafi, amma mutumin ya rantse bai gani ba. Sai an ce masa ya duba Spam, can zai tarar da shi tsakanin tallan cacar ƙwallo da wasiƙar wani mai neman a taya shi kwashe dukiyar gado.

Bayani uku ne suka fi yawo a kan lamarin. Wasu na cewa Google ya sa wa Najeriya karan tsana saboda ta'asar 'yan 419. Wasu na cewa akwai kalmomin da aka haramta, irin su kyauta da garaɓasa, da zarar sun shiga saƙo shi ke nan. Wasu kuma na ganin dabara ce ta tilasta wa ɗan kasuwa sayen talla a hannun kamfanin. Kowanne yana da ɗan abin kamawa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Na'urar da ke tace saƙonni ba ta san takardar rajistar CAC ba, ba ta san ko mai shago mutumin kirki ne a unguwarsu ba. Abu biyu take nema: hujjar cewa wanda sunansa ke kan saƙon shi ne ya aiko, da alamar cewa waɗanda ake aika wa suna son saƙon. Ɗan kasuwa zai iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari, ya kuma faɗi duka biyun.

Ma'anar kalmomin

Adireshin imel kashi biyu ne. Abin da ya zo kafin alamar @ sunan mai akwati ne, abin da ya biyo bayanta kuma sunan gidan da akwatin yake, wanda masu harkar ke kira domen. Misali, abu.edu.ng shi ne sunan gidan Jami'ar Ahmadu Bello, kuma duk sunan da ya ƙare da .ng yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA. Kowane saƙo yana tashi ne daga wata babbar kwamfuta da ake kira saba, kowace saba kuma tana da lambar da ake gane ta da ita a intanet, wato lambar IP.

Spam, a ma'anar da masu tsaron imel suka tsaya a kai, shi ne saƙon da aka watsa wa mutane da yawa ba tare da sun nema ba. Sharuɗɗan biyu ne kacal: yawa da rashin izini. Babu maganar ƙarya ko zamba a ciki. Tallan zuma mai kyau a farashi mai rahusa, in aka tura shi ga mutum dubu da ba su taɓa ba da adireshinsu don haka ba, ya shiga wannan ma'ana. Saƙon damfara mai kwaikwayon banki yana neman lambar BVN ko lambar sirrin kati shi ne nau'i mafi muni, amma ba shi kaɗai ba ne.

Mataci shi ne manhajar da kamfanin imel ya girka domin yanke wa kowane saƙo hukunci kafin mai akwati ya gan shi. Hukuncin ɗaya ne cikin uku. Ko a mayar da saƙon tun daga ƙofa, mai aikawa ya sami sanarwar bai shiga ba. Ko a karɓe shi a jefa akwatin tarkace, wanda Gmail da Yahoo suka rubuta wa Spam, Outlook kuma Junk. A Gmail abin da ya kwana 30 a nan gogewa yake da kansa. Ko kuma a shigar da shi babban akwati. Tun 2013 Gmail ya raba babban akwatin sassa-sassa, ciki har da sashen tallace-tallace mai suna Promotions. Da yawa suna ɗaukar wannan sashe a matsayin hukunci, alhali saƙon da ya sauka can ya ci jarabawa, an dai ajiye shi tare da 'yan uwansa ne.

Tushen matsalar

Ƙa'idar aika imel da duniya ke amfani da ita har yau, SMTP, Jon Postel ne ya wallafa ta a 1982, lokacin da masu amfani da hanyar 'yan ƙalilan ne a jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma kusan sun san juna. Ba a sa mata hanyar tantance mai aikowa ba. Kowa zai iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin “daga wane”, saƙon ya wuce.

Tun kafin nan ma an ɗanɗana abin da zai biyo baya. Ranar 3 ga Mayun 1978, Gary Thuerk, jami'in talla na kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka, ya aika gayyatar kallon sabbin na'urori ga mutum kusan 400 a ARPANET, hanyar da ta haifi intanet. Kamfanin na gaske ne, kayan na gaske ne, amma masu karɓa suka yi masa ca. Saƙon da tarihi ya ɗauka a matsayin spam na farko ke nan, kuma tallan halal ne.

Najeriya ta shigo labarin ta mummunar ƙofa. Wasiƙun neman kuɗin kafin alƙalami, da suka ɗauki suna daga sashe na 419 na kundin manyan laifuka, sun fara yawo ta gidan waya da na'urar faks a shekarun 1980, suka koma imel da shagunan intanet suka yawaita. An kafa EFCC a 2003, dokar yaƙi da irin wannan zamba ta 2006 kuma ta wajabta wa masu shagunan intanet ajiye bayanan masu shiga.

Kariyar da duniya ta gina ta bi matakai uku. Da farko jerin sunayen sabobin da aka yi wa tambari, irin wanda ƙungiyar Spamhaus ke fitarwa tun da Steve Linford ya kafa ta a 1998. Sai lissafin kalmomi: manhajar SpamAssassin ta 2001 tana ba saƙo maki bisa abin da ke cikinsa, wanda ya kai maki 5 ta yi masa alama, a 2002 kuma Paul Graham ya yaɗa dabarar koya wa na'ura gane tarkace daga misalan da ta gani. Daga wancan zamani ne tsoron kalmomi ya samo asali. Mataki na uku, wanda ake ciki yanzu, ya fi dogara ga shaida da tarihin mai aikowa. A Oktoban 2023 Google ya ce yana tare saƙonnin da ba a so kusan biliyan 15 a kowace rana, sannan shi da Yahoo suka sanar da sababbin sharuɗɗa da suka fara aiki a Fabrairun 2024. Microsoft ya bi sahu ranar 5 ga Mayun 2025.

Tambaya ta farko: in ji wa?

A gidajen cikin birnin Zariya baƙo a zaure yake tsayawa, ya aiki yaro ya ce ana sallama da maigida. Abin da ake fara tambaya daga ciki shi ne, “In ji wa?” In sananne ne a fito da tabarma, in ba a san shi ba ya ɗan jira, in kuwa ya taɓa zuwa da fitina a ce maigida ba ya nan. Aikin mataci ke nan, sai dai shi ba ya yarda da sunan da aka faɗa da baki, shaida uku yake dubawa.

Ta farko SPF. Mai sunan gida yana wallafa jerin sabobin da ya yarje wa su aika saƙo da sunansa. Saƙo ya zo daga sabar da ba ta cikin jerin, an sami tangarɗa. Ta biyu DKIM, hatimin sirri da saba ke buga wa kowane saƙo, wanda ke nuna daga gidan ya fito kuma ba a taɓa shi a hanya ba. Ta uku DMARC, wadda aka ƙaddamar a 2012. Ita ce ke tabbatar da cewa sunan da mai karatu ke gani ya dace da wanda SPF ko DKIM suka shaida, kuma a cikinta mai gida ke faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi: a ƙyale shi, a jefa shi tarkace, ko a ƙi karɓarsa.

Sharaɗin Google shi ne kowane mai aikawa, komai ƙanƙantarsa, ya kasance da SPF ko DKIM. Wanda ke aika saƙo 5,000 a rana zuwa adiresoshin Gmail dole ya haɗa ukun, ya kuma sa maɓallin fita da taɓawa ɗaya.

A nan ƙananan 'yan kasuwa suka fi zamewa. A ɗauki makarantar da ta biya wani matashi ya gina mata shafin intanet, ya saya mata suna mai .com.ng, ya buɗe adireshin imel, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bai rubuta ko ɗaya daga cikin shaidun uku ba. Ko kuma ya rubuta, amma daga baya makarantar ta koma aika sanarwa ta kamfanin watsa saƙo irin Mailchimp ko Brevo, ba wanda ya tuna ya shaida sabon kamfanin a sunan gidan. A idon mataci wannan ba shi da bambanci da ɓarawon da ya ari sunan makarantar.

Kuskure na biyu ya fi yawa: sa adireshin Yahoo ko Gmail na kyauta a gurbin mai aikowa, alhali ta wata saba daban saƙon ke fita. Tun Afrilun 2014 Yahoo ya umarci duniya ta ƙi karɓar duk saƙon da ke ɗauke da sunan yahoo.com in ba daga sabobinsa ya fito ba, Google ma ya gargaɗi masu yin haka da sunan gmail.com.

Gane matsalar ba wuya. A buɗe saƙon a Gmail na kwamfuta, a taɓa ɗigo ukun da ke gefen dama, a zaɓi Show original. Shafi zai fito da layuka uku, SPF da DKIM da DMARC, kowanne da PASS ko FAIL a gabansa. A waya kuma, alamar tambaya a gurbin hoton mai aikowa tana nufin Gmail bai iya tantance shi ba.

Tambaya ta biyu: yaya aka rabu da shi a baya?

Cin jarabawar shaida ba ya buɗe ƙofa shi kaɗai, domin 'yan damfara ma sun iya sayen suna su buga hatimi. Abin da shaida ke yi shi ne ba mataci damar ajiye wa kowane sunan gida da kowace lambar IP tarihi. Tarihin kuwa masu karɓa ne ke rubuta shi da yatsunsu. Wanda ya buɗe, ya ba da amsa, ko ya fitar da saƙo daga tarkace, ya ƙara wa mai aikowa daraja. Wanda ya goge bai karanta ba ya rage. Wanda ya taɓa Report spam ya yi babbar illa.

Google ya bayyana iyakar: ƙorafi kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, kuma ya fi son a tsaya ƙasa da 0.1. Wato in saƙo ya shiga akwatin mutum 2,000, shida kawai suka taɓa maɓallin ƙorafi, an kai iyaka. Ba sai shidan sun ƙi jinin mai aikowa ba. Da yawa suna taɓa maɓallin ne don ya fi musu sauƙi, ko don sun nemi hanyar cire sunansu ba su gani ba. Shi ya sa ɓoye maɓallin fita, wanda wasu ke ɗauka wayo ne, kan koma kan mai shi: wanda ya fita salin alin bai cutar da kowa ba, wanda aka hana fita shi ne ke kai ƙara.

Yanayin kasuwar Arewa ma yana da nasa tasiri. Mai sayar da shadda ko turare zai yi wata goma shiru, ana saura mako biyu Sallah ya watsa saƙo dubu uku a dare ɗaya. Kamfanin Umara haka yake yi gab da Ramadan. Mataci yana zargin sunan da ba shi da tarihi ya tashi da yawa farat ɗaya, domin haka 'yan damfara ke yi, haka kuma akwatin da aka yi wa kutse ke yi. Masu karɓa kuma sun riga sun manta da ɗan kasuwar. Gmail na kyauta ma yana da iyakar saƙo 500 a rana, wanda ya wuce a dakatar da shi na ɗan lokaci.

Akwai kuma laifin maƙwabci. Masaukin shafin intanet mai arha yakan tara ɗaruruwan shafuka a saba ɗaya da lambar IP ɗaya. In aka kutsa ɗaya daga ciki aka watsa tarkace da shi, lambar ta shiga jerin Spamhaus, duk sauran sun shafu.

Matattun adiresoshi

Abin da ya fi cin masu talla a gari irin Zariya shi ne ingancin jerin adiresoshin da ke hannunsu. Mutane da yawa suna da imel ba tare da sun san suna da shi ba. Mai sayar da waya ko mai gyara ne ya buɗe musu Gmail don a sauke WhatsApp daga Play Store, ya rubuta lambar sirri a bayan kwali, kwalin ya ɓata. Ɗalibi kuma mai shagon intanet ne ya buɗe masa lokacin rajistar JAMB ko ta bautar ƙasa, aka gama aka watsar. Adireshin yana raye a na'ura, amma babu mai leƙa shi. Jerin da rabinsa irin waɗannan ne yana gaya wa mataci cewa ba a damu da saƙon ba, sai ya fara kai shi tarkace har ga masu so. Tun Disambar 2023 kuma Google ya fara goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, don haka wasu adiresoshin sun mutu murus.

Sai takardar halartar taro, wadda ake zagayawa da ita a bita ko walimar yaye ɗalibai. Kowa ya rubuta da hannu, a tsaye, da biro mai yankewa. Mai kwafewa ya karanta sifili a matsayin harafin o, ya rubuta gmial maimakon gmail. Kowane kuskure saƙo ne da zai dawo, yawan dawowa kuma alama ce ta mai harbi a duhu. Bayan haka, wanda ya sa hannu don a san ya halarta bai ce a riƙa aiko masa da talla ba.

Mafi haɗari shi ne jerin saye. Ana tallan “adiresoshin 'yan Najeriya dubu ɗari” da 'yan kuɗi kaɗan, waɗanda aka tsinto daga shafukan intanet. A cikinsu akwai adiresoshin tarko, waɗanda masu yaƙi da tarkace suka dasa da gangan, ko tsofaffin da aka mayar tarko bayan masu su sun bar su. Ba mutumin da zai yi rajista da irin wannan adireshi, saboda haka duk wanda ya aika masa ya tona kansa.

Siffar saƙon

Kalmomi suna da tasiri har yanzu, amma su ne ƙarshen layi. Banki mai tarihi mai kyau yana rubuta kyauta da garaɓasa ya wuce lafiya. Abin da ya fi jawo zargi shi ne siffa. Saƙon da ba komai cikinsa sai hoton fosta guda, irin wanda aka tsara don WhatsApp, bai bar wa mataci abin karantawa ba, kuma 'yan damfara sun daɗe suna ɓoye rubutu cikin hoto. Gajartaccen mahaɗi irin na bit.ly yana ɓoye inda zai kai mutum. Kan saƙo da manyan baƙaƙe da alamar motsin rai biyar, ko “Re:” na ƙarya kamar amsa ce, ko tarin mutum ɗari uku a layi ɗaya kowa na ganin adireshin kowa, duk suna ƙara nauyi. Kowannensu shi kaɗai ba lalle ya kayar da saƙo ba, haɗuwarsu a hannun wanda ba shi da tarihi ita ce matsala.

Saɓanin ra'ayi

Masu cewa sunan Najeriya ne ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tsofaffin ƙa'idojin SpamAssassin sun ƙunshi wasu da aka raɗa wa sunan Najeriya ƙarara, kafin a sauya musu suna zuwa na zambar kuɗin kafin alƙalami. Akwai kuma kamfanonin ƙetare da masu kula da sabobinsu ke toshe lambobin IP na ƙasashe sukutum. Wasiƙar ciniki ta gaskiya da ta ambaci miliyoyi, da tura kuɗi ta banki, da gaggawa, tana iya kama da wasiƙar 419 a idon na'ura. Sai dai sharuɗɗan da Google ya wallafa babu ƙasa a cikinsu, kuma wanda ke aikawa ta Gmail ko Mailchimp saƙonsa daga sabobin waɗannan kamfanoni yake fita, ba daga Kwarbai ba. Sanarwar bankunan Najeriya tana shiga akwatin jama'a kullum. Rahotannin shekara-shekara na kamfanin Kaspersky kuwa Rasha da Sin da Amurka suka sha sanyawa a sahun gaba wajen fitar da tarkace.

Zargin son kai ba a Najeriya kaɗai ake yin sa ba. Wani bincike na Jami'ar Jihar North Carolina a 2022 ya gano Gmail ya fi jefa saƙonnin 'yan takarar Republican a tarkace, Outlook da Yahoo kuma sun fi jefa na Democrat. A Oktoban shekarar uwar jam'iyyar Republican ta kai Google ƙara a kotun tarayya a Kalifoniya, alƙali ya kori ƙarar a Agustan 2023. In jam'iyya mai wannan ƙarfi a ƙasar Google ta yi irin wannan kuka, da wuya a ce Najeriya aka ware.

Ra'ayi na uku ya fi nauyi. Masu shi na cewa kamfanoni uku ko huɗu sun zama masu yanke hukunci kan wasiƙun duniya, ba sa bayyana cikakken ma'auninsu, ba kotun ɗaukaka ƙara, kuma Google yana sayar da gurbin talla a cikin sashen Promotions ɗin da yake tura tallan wasu. Kamfanonin na amsawa da cewa bayyana ma'auni duka tamkar miƙa wa 'yan damfara amsar jarabawa ne, kuma mai akwati suke wa aiki, ba mai talla ba. Duka ɓangarorin suna da hujja. Abin da ba a musu a kai shi ne nauyin sharuɗɗan ya fi danne ƙaramin ɗan kasuwa, wanda ba shi da ma'aikacin kwamfuta.

Matsayin doka

Dokar Amurka ta 2003, CAN-SPAM, ta yarda a aika talla ba izini muddin an ba da hanyar fita, ta ba mai talla kwanakin aiki goma ya cire suna. Turai ta fi tsanani, musamman bayan dokar GDPR ta fara aiki a Mayun 2018. Najeriya ta karkata ga tsarin Turai. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ce shiru ba izini ba ne, mutum na da ikon janye izininsa, kuma in ya ce a daina amfani da bayanansa wajen talla dole a daina. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Jama'a sun riga sun san makamancin wannan a waya: tun 2016 hukumar NCC ta ba da lambar 2442 don dakatar da saƙonnin talla.

Amma cika doka daban, gamsar da mataci daban. Inda dokar Amurka ta ba da kwana goma, Google kwana biyu ya ba manyan masu aikawa. Kuma ko da takardar izini a hannu, in mutane sun gaji da saƙo suka fara ƙorafi, tarkace zai tafi.

Abin da zai biyo baya

Illar ba ta tsaya kan talla ba. Makarantar da ta ɓata sunan gidanta da watsa talla za ta ga rasit da sakamakon jarabawa da takardar ɗaukar ɗalibi suna bin hanya ɗaya, tunda da suna ɗaya suke fita. Akwai kuma illa ta ɓoye: yawan cewa “duba Spam” yana saba wa mutane da amincewa da abin da ke cikin akwatin, inda saƙonnin satar lambar banki suke kwance.

Komawa WhatsApp ba tsira ba ce daga ƙa'idar. Jerin watsa saƙo na can mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya adana lambar mai aikowa yake samu. Lambar da mutane suka yawaita toshewa ko kai ƙararta ana rufe ta. Alamu na nuna sharuɗɗan imel ƙara tsauri za su yi, tunda abin da Google da Yahoo suka fara a 2024 Microsoft ya ɗauka a 2025. Wannan kuma kasuwa ce ga matasan da ke fitowa daga sassan kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, domin gyaran SPF da DKIM da DMARC aikin awa ɗaya ne ga wanda ya iya.

Hanyar gyara

Mai sana'ar da ke son saƙonsa ya isa sai ya mallaki sunan gida nasa, ya sa wanda ya gina masa shafi ya nuna masa PASS uku da idonsa kafin ya biya cikon kuɗi. Ya raba adireshin talla da na rasit. Ya tara jerinsa da kansa, daga mutanen da aka gaya wa abin da za a riƙa aiko musu, a kuma tura wa kowa saƙon tabbatarwa kafin a sa shi. Ya fara da kaɗan, ya riƙa aikawa a kan kari maimakon ruwan saƙo gab da Sallah, ya cire waɗanda suka yi watanni ba su taɓa komai ba, ya sa maɓallin fita inda ido zai gani. Mai aikawa da yawa ya yi rajista da Postmaster Tools na Google, kyauta ne, yana nuna yawan ƙorafi.

Mai karɓa ma yana da rawar takawa. Saƙon makarantar 'ya'yansa ko na telansa in ya faɗa tarkace, ya taɓa Not spam, ya adana adireshin. Tallan da ya nema da kansa ya gaji da shi, ya bi ta maɓallin fita, ya bar maɓallin ƙorafi ga waɗanda bai sani ba. Duk saƙon da ya nemi BVN ko lambar sirri kuwa, ko a wane akwati ya same shi, kada ya amsa.